Abin da Na Gani a Kwalbar Hadiza

Kaka ce, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi dama-dama, gyaɗa kuwa har muka rasa wurin ajiye ta. Mun tashi da asuba daga Tsanyawa ni da maƙwabciyata, zan je Kano wurin 'yata Hadiza mai karatun sinadarai a jami'a. An ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje. Babanta ya ce in je in gani da idona, abin da na yanke shi ke nan. Ni kuwa tun daga gida na yanke cewa ba za ta ba. Ɗakinta ma kullum sai na share shi.

Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama bai ƙaru ba. Buhun barkonon wani bawan Allah ya sa mu atishawa har Bichi. A Bacirawa, gonakin da na sani duk sun koma bulo.

A ɗakin gwajinsu aka sa mini farar riga, aka ce kada in taɓa komai. Hadiza ta nuna mini wata 'yar kwalba, ruwa ne fari kamar na randa. Ta ce a ciki akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, mutum ne ya haɗa su. Akwai manya da ƙanana, babbar takan gane ƙanana biyu da suka dace da siffarta, kamar tukunya da murfinta, ta riƙe su har su haɗe su zama irinta sak. Ita ma sabuwar ta je ta yi wata.

Na ce, "Rai gare su ke nan?"

"A'a, Inna, dacewar siffa ce kawai."

"To me ya hana su cika kwalbar?"

"Riƙo. In ta gama ba ta sakin sabuwar, sai su manne, aiki ya tsaya. Shi nake so in je in koyo, yadda za ta riƙe daidai sannan ta saki."

Ma'auni take dubawa tana faɗa, ba ni take kallo ba. Muka fito gindin darbejiya muka ci dambun da na kawo, ta cinye fiye da rabi.

Mun iso gida bayan magariba. Ban fahimci karatun nan duka ba, na yaƙi da jahilci kawai na yi. Abin da na tsinta a tafiyar shi ne riƙo ma yana iya tsayar da abu.

Babanta ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Malam, a sa mata albarka."

Washegari da safe na naɗe tabarmar ɗakinta, na ce wa yara su shigar da buhunan gyaɗa.