Ranar da Injin Baba Ya Tsinke da Gudu

Wata ranar Laraba ce cikin kakar 1989, ina 'yar aji huɗu a firamaren Ba'awa, na dawo makaranta na tarar da layin ƙwarya da kwanon sha ya miƙe tun daga rumfar niƙanmu har gindin ɗorawa. Murna ta kama ni, na yar da jakata na ruga. Wata guda ke nan 'yan mata sun ƙaurace mana, sun koma wa wani sabon inji a bakin kasuwa, wai namu tsoho ne, kafin ya niƙe mudu ɗaya ruwan tuwo ya ƙone. Wannan magana ta tsaya wa Yaya Sale a rai, domin shi ke kula da niƙan, kuma shanun noma biyu Baba ya sayar ya sayi injin, ba mu da wani abin dogaro bayansa.

Ashe dabara Yaya ya yi. A jikin injin akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ya koma, da ke buɗe wa man gas hanya yana rufewa, makanikai na kiransa gwamna. Shi ne Yaya ya ɗaure tam da waya don man ya yi ta zuba. Wayyo daɗi! Gari na ambaliya kamar ruwan indararo, mu yara mun yi fari fat har gira, muna tafi muna yi wa masu sabon inji gwalo daga nesa. Ni ce ma mai kiran layi, ina ta iyayi sai ka ce ni na ƙera shi.

Ana cikin haka bel ɗin da ke haɗa injin da maniƙa ya tsinke, fau! Da injin ya ji babu nauyi a kansa, sai ya tsinke da gudu. Ƙarar ta koma kururuwa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kwanon rufi na kaɗawa, babbar tayar ƙarfen gefensa ta daina ganuwa don juyi. Kowa ya watse, dawa ta zube, kaji suka samu biki. Yaya kaɗai ya tsaya yana fama da wayar da ya ɗaura da hannunsa, ta ƙi kwantuwa, ga tayar nan dab da ƙirjinsa. Baba yana sussuka a bayan gari ya ji sautin ya sauya, ya taho a guje, ya finciko Yaya ya wurgar waje, ya tuɓe rigarsa ya cusa a inda injin ke shaƙar iska. Injin ya yi tari, ya yi shiru.

Mun zaci duka za a yi. Baba ya ce kawai, "Sale, sauri ya haifi nawa. Ɗauko sifana." Ya buɗe murfin gwamnan ya nuna mana wasu dunƙulallun ƙarafa biyu. Ya kama hannayen ƙanwata Ladi ya juya da ita har ƙafafunta suka tashi sama, tana ƙyalƙyala dariya. Ya ce haka ƙarafan ke yi: in gudu ya yi yawa su baje su rage mai, in niƙa ya yi nauyi su dawo su ƙara. Sannan ya miƙa wa Yaya sifana ya ce shi zai saita. Da farko ya sassauta sifirin da yawa, injin ya riƙa haki, ya hau ya sauka kamar kukan jaki. Ya yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har muryar injin ta daidaita, muka sa shewa.

Yanzu ƙananan injina sun cika ƙauyen, ba mai buɗe cikinsu ya nuna wa yaro komai, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya. Yaya Sale direba ne a hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, furfura ta cika masa gemu. Kullum fasinjoji na mita wai ba ya gudu, shi ko sai ya yi murmushi ya ci gaba da tafiyarsa. Ni kaɗai na san a inda aka saita shi.