Matar da Aka Rushe wa Mazaɓa

Tana tsaye gaban teburina a ɗakin ƙasa na cocin unguwarmu a Montreal, da baƙar hula da kwat mai gogaggen wuya. Ta haura tamanin. Ina bin rajistar masu zaɓe da rula, layi bayan layi, yadda limaman mishan suka koya mini. Babu sunanta.

"Madam Gauvreau, an rushe tsohuwar mazaɓarku. Yanzu a hayin titin jirgi za ki yi zaɓe."

"Kai dattijo, goge gilashinka! Sau goma sha huɗu ina zaɓe a ɗakin nan. Maigidana jam'iyyar ja yake bi, ni ta shuɗi. Ƙuri'ata ta kashe tasa, mu koma gida mu sha miyar wake."

Agogon namiji ne ke lilo a hannunta. Ina jin maigidan nata bai daɗe da rasuwa ba.

Na rubuta mata adireshin sabuwar rumfar da lambar bas. Ta ninke takardar a hankali, kamar ƙuri'a, sannan ta ajiye mini ita a kan rajistar.

"Bar shi kawai," in ji ta. "Shi bai taɓa zaɓe a can ba. Ƙuri'ar wa zan je in kashe?"