Lambar da Ban Sa wa Suna Ba

Kaka ce, an gama yankan gero, an shiga cirar gyaɗa. Gona ta yi albarka a shekarar, amma ba wanda ya zauna ya ji daɗinta. Mutanen Karare da Darini da ke kawo hatsi kasuwar Batsari sai su sauke, su sayar, su juya tun rana na tsaka, don kada yamma ta riske su a hanya saboda ɓarayin daji. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Yarinyata ta fari tana aure a Runka, cikinta na farko ya tsufa, kuma a gidanmu za ta haihu kamar yadda aka saba. Da ta zo gaisuwar Sallah, tana gyara mayafi za ta fita, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Inna, in lokaci ya matso zan kira, sai a zo a ɗauke ni." Na ce to. Iyakar maganar da muka yi a kai ke nan.

A cikin kwanakin ne ƙanwata, wadda ke koyarwa a firamare a Safana, ta sayi sabuwar waya, ta kawo mini tsohuwarta, babba, irin wadda ake shafawa. A da ƙarama nake riƙewa, mai madannai, ta fara mutuwa da kanta. Ta zare sim ɗina ta sa a babbar, sunayen da na rubuta da hannuna suka fito jere. Ni ce na rubuta su tun lokacin da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma ina jin daɗin ganinsu.

Ta tsaya a kan ɗaya tana dariya. "Yaya, wane ne kuma Shi?"

Na ce, "Kin sani."

"Mijin naki ne Shi? Shekara ashirin da wani abu, mutum bai samu suna ba? Ko Alhaji ba ki sa masa ba, ya ji daɗi."

"Ya je Makka ne?"

"To ki sa Mai Nama, tun da sana'arsa ce."

Na ce ta bar mini abina yadda yake. Ta juya mini harshen wayar zuwa Hausa, ko da yake Hausar waya ce, sai na karanta sau biyu kafin in gane inda ta dosa. Daga nan ta ce za ta sa mini mai gadi, saboda a lokacin ana yawan kiran mata da lambobin da ba a sani ba, a tsorata su, a ce an san gidansu. "Duk wanda ba ya cikin jerin sunayenki, kiransa ba zai shigo ba." Na ce madalla. Hankalina yana kan yadda hoto ke gudu in na taɓa shi da yatsa, yana dawowa in na sake. Ban yi tunanin komai ba.

Abin da ƙanwata ba ta lura da shi ba, lambar yarinyar ba ta cikin jerin. Mu ba ma kiran sunan ɗan fari. Uwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Da na iya rubutu, na sa sunayen ƙannen yarinyar duka, da na zo kanta sai hannuna ya ƙi. Na haddace lambar kawai. In na ga kira ya ƙare da bakwai uku uku, na san ita ce. Kuma ban taɓa kiranta ba, ita ke kira.

Kwana uku, kwana biyar, shiru. Na riƙa aika wayar wurin mai caji tun da safe don kada ta mutu a lokacin da ake bukata. In ina tankaɗe, tana kan faifai kusa da ni. Kowa na kira yana shigowa, har matar da ke kawo mana nono. Yarinyar ce kaɗai babu.

A kwana na shida maigidan ya dawo daga kasuwa, yana wanke hannu ya ce, "Af, yarinyar nan ta kira ni ɗazu. Ta ce a gaishe ki."

Na ce, "Ina amsawa." Na so in tambaya ko ta ƙara da wani abu, ban iya ba. Na kuma san ko da akwai, ba za ta faɗa wa ubanta maganar ciki ba. Sai na zauna ina juya abin. Ta kira ubanta, ni ba ta kira ni ba. Ko na yi mata wani abu ranar Sallah?

Akwai wata 'yar alama a saman wayar, kamar ƙaramar garkuwa, da lamba a jikinta. Na daɗe ina ganinta. Ran farko biyu na gani. Bayan kwana biyu ta zama biyar. Ni mutum ce mai son sanin abin da ke ƙaruwa ba tare da na ƙara ba, amma ina tsoron in taɓa in lalata. Ranar da ta kai goma sha huɗu, bayan azahar, yara sun tafi Islamiyya, na zauna a inuwar rumbu na ce ko me zai faru ya faru. Na jawo ta ƙasa da yatsa kamar yadda na ga ƙanwata na yi, na danna.

Jeri ne ya buɗe, an rubuta a samansa kiran da aka toshe. Biyu ban san su ba. Sauran duka bakwai uku uku, bakwai uku uku, har ƙasa.

Na ajiye wayar a cinya na jima. Da na sake ɗauka, sai na lura kowane kira da lokacinsa a gefe, kuma nata duk tsakanin huɗu da rabi ne zuwa biyar. Nan na gane. A unguwarsu babu sabis a cikin gida, sai an fita can bayan makaranta inda ƙasa ta ɗan tashi. Ashe kullum bayan la'asar take jan jikinta zuwa can, da wannan nauyin, ta tsaya ta kira, mai gadin da aka sa mini ya kore ta, ta koma.

Na yi sallar la'asar, na zauna ina duban agogon wayar. Huɗu da rabi na cika na danna lambar da hannuna. Ringin ɗaya ta ɗauka.

"Salamu alaikum. Inna? Inna ce?"

"Ni ce. Ina wuni, ya gida, ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau. Inna, ke ce kika kira ni?" Sai ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Kwana tara ina kira. Kullum sai a ce kina magana da wani. Na ce wace ƙawa Inna ta samu haka, da ba ta ajiye waya?"

Na ce, "Wayar ce sabuwa." Sannan ta ce ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, kuma uwar mijinta ta ce kada a wuce makon nan. Na ce za a zo gobe in Allah ya yarda. Ta ce in hanya ta canza ko wani abu ya taso kafin nan, yaya za ta same ni? Na ce za ta same ni.

Na kira ƙanwata na gaya mata. Ta yi salati, sannan ta fashe da dariya har tana tari.

"Yaya, kunyarki ta kusa sa jikanki ya faɗo a bayan makaranta! Waya ta san 'yar fari ne? Abin da aka rubuta mata shi ta sani. Ki sa mata suna."

"Ba za a iya cire mai gadin ba?"

"A cire, 'yan iska su dawo suna kiranki? Ki sa ko me kika ga dama. Ki sa Ita, ta yi daidai da Shi."

Na yi ta tunanin wannan ina tuƙa tuwo. Zan iya sa Ita, wayar za ta karɓa. Amma gobe a mota wayar na iya zama a hannun wani, ko a asibiti in abu ya kai ga haka, a ce a nemo lambar mai jego a rasa. Na kuma tambayi kaina abin da ban taɓa jin an tambaya ba: rubuta suna kiransa ne? Iyayenmu da suka bar mana wannan kunya ba su yi rubutun boko ba, balle su gaya mana.

Washegari bayan asuba, kafin kowa ya fito, na buɗe wurin da ake ajiye sabuwar lamba. Matsalata ɗaya, ni ban iya rubutu baki rufe ba, sai ina furta kowane harafi, haka malamarmu ta koya mana. Sai na cusa gefen mayafina a baki na cije, na danna haruffan ɗaya bayan ɗaya, na ajiye. Na duba sau ɗaya na ga sun zauna daidai, na kife wayar. Sannan na ɗaura ta a bakin zane, na ɗauki tsofaffin silifas ɗin ubanta, manya, saboda ƙafafun nan, na bi bayansa zuwa tasha mu tari motar a-kori-kura ta farko.