Tambaya Ta Bakwai Ta Baba Ilu Ce

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Sabo ya rasu.

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar yau ɗansa ya kira ni. Sai da na sa ya maimaita, don shekaranjiya Talata muna tare a zaurensa, yana ta tsokanata.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon hedimasta ne a nan Birnin Kudu. Shi ne mai kacici-kacicin ranar Juma'a bayan La'asar, a ƙofar shagon tela. Tambaya goma daga labaran mako, dattawan unguwa ne 'yan gasa, kyautar kuwa goro. Yakan ce ƙwaƙwalwa fartanya ce, in aka jingine ta tsatsa take yi.

Wata biyar ke nan da na gama jami'a na dawo gida, ina jiran kiran bautar ƙasa. Idonsa ya yi rauni, sai ya ce in riƙa rubuta masa tambayoyin a waya, in kuma karanta su ran Juma'a.

Ranar farko na kawo masa nawa, kowace layi huɗu, da zaɓi huɗu a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mai digiri, wannan tambaya ce ko huɗuba? Kafin ka kai ƙarshenta rabin majalisa sun yi gyangyaɗi."

Tun daga ranar na san tambayar da ba ta fita a numfashi ɗaya, ba tambaya ba ce.

Labari sai mun ji shi a tashar rediyo biyu kafin ya shiga. Ba ma tambayar adadin waɗanda suka mutu a haɗari ko rikici, ya ce ba da gawar mutane za a ci goro ba. Tambayar da aka yi yau kuma sai ta dawo bayan mako uku, a nan ake gane wanda ya riƙe da wanda ya ara.

Akwai ranar da na tambaya, "Wace rana ruwan farko ya sauka bana?" Mutumin Kangire ya ce Litinin, na Yalwan Damai ya ce Alhamis, kowa yana cewa shi a gonarsa ya jiƙe. Ni gumi kawai nake yi. Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya raba goron biyu, ya ce, "Hadari bai san amsa ɗaya ka rubuta ba. Nan gaba ka ce a ina."

Amma babban kuskurena ba wannan ba ne.

A cikin dattawan akwai Baba Ilu, tsohon direba, wanda ya tsufa a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Mantuwa ta fara kama shi, labarin da ya ji da safe ba ya kai yamma. 'Ya'yansa har sun fara cewa ya daina fita. Majalisar Juma'a ce kaɗai ta rage masa.

Wani mako Malam ya ba ni tambaya ta bakwai: "An ce ruwa ya yanke hanya kafin Farin Dutse. Direban da ya taso daga nan, ta ina zai zagaya?"

Na duba rediyo, na duba jarida, na duba waya. Yankewar hanya tana nan, amma babu wanda ya faɗi inda ake zagayawa. Ni kuwa ina tsoron tambayar da ba zan iya kare amsarta ba. Sai na goge ta, na sa wata a kan wani taro da aka yi a Abuja. Ban gaya wa Malam ba.

Ranar Juma'ar, Baba Ilu bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Kafin mu kai ta goma ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Juma'a ta zagayo bai zo ba. Ta gaba ma haka.

Malam bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Amsar da ka nema a waya, a kan Ilu take. Kowane mako ta bakwai tasa ce. Labarin sabo, hanyar tsohuwa. Sa takalminka."

Muka same shi a zaure shi kaɗai. Malam ya ce, "Direba, taimako muka zo nema. Yaron nan da digirinsa wata tambaya ta gagare shi."

Na karanta masa tambayar da na goge. Baba Ilu ya gyara zama. Ya jero ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, da inda yashi yake, da inda ake sa giya ta biyu, da tsamiyar da in ka wuce ta ka ɓata. Ya dube ni ya ce, "To ku me ake koya muku a can?"

Juma'ar da ta biyo ya riga kowa zuwa.

Shekaranjiya muka rubuta tara da Malam. Ya ce in bar gurbin ta bakwai sai ya ji labaran Alhamis. Da zan tafi ya cusa mini dabino a aljihu, ya ce, "Ka rage tsoro, Mai digiri. Kuskure ɗaya ba ya rushe majalisa."

Ban sake ganinsa da rai ba.

Ɗazu muna fitowa daga maƙabarta Baba Ilu ya riƙo hannun rigata. Ya ce, "Yanzu wa zai riƙa rubuta mini tawa?"

Na ce, "Taka wace, Baba?"

Ya ce, "Ta bakwai mana. Mantuwa ce ke damuna, ba wauta ba. Na daɗe da ganewa. Na ga Sabo yana jin daɗin ɓoye mini ne, shi ya sa na ƙyale shi."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Shi ne ma ya ce in ba da labarin nan, ya ce kada in rage komai.

Gobe babu kacici-kacici, muna zaman makoki. Juma'a ta sama in Allah ya kai mu za mu zauna, kuma na yi wa Baba Ilu alkawarin tasa tana nan. Duk wanda ya ji labarin hanya, ko gada, ko tashar mota a ɓangaren Gwaram, don Allah ya turo mini, ya haɗa da inda ya ji.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari kamar yadda ya sauƙaƙa wa wani tasa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ina roƙo ya sa shi a addu'arsa ta yau.