Sunan da Ba Ya Kan Takarda

Cikin dukan sanarwar rasuwa da na karanta a gidan rediyon nan, akwai ta wata Laraba da har yau ba ta bar raina ba. Ku da kuka zo bayanmu kun tarar da layin ƙarshe a takardar sanarwa, mai tambayar sunan da gari ya san mamaci da shi. Dalilinta aka ƙara shi.

Ga yadda aikin yake a lokacin. Dangin mamaci su zo wurin sakatare, a rubuta suna kamar yadda yake a katin shaida, da unguwa, da lokacin jana'iza. Shef, wato shugaban shirye-shirye, ya sa hannu. Sannan mu uku mu karanta: ɗaya da Faransanci, ɗaya da Dendi, ni da Hausa. Doka ita ce ba a ƙara kalma, ba a ragewa. Ni kuwa hankalina duk yana kan shirin gaishe-gaishe, inda nake karanta wasiƙun masoya ina jan murya kamar ni na rubuta su.

Takardar ta ce Bartelemi Kosi, ma'aikaci mai ritaya, ya rasu, za a bizne shi Asabar bayan addu'a a coci. Na karanta safe da yamma, na ajiye.

Ran Juma'a da hantsi wata tsohuwa ta same ni a bakin ƙofa.

"Ɗana, kai ne mai Hausa?"

"Ni ne, Mama."

"Ni ce matar Bartelemi. Kwana biyu tabarmi na shimfiɗe, ban ga kowa ba sai mutanen coci, su ma ba su cika benci biyu ba. Ɗiyan da muka haifa ba su rayu ba. Shi kullum cewa yake ɗiyansa sun cika kasuwa. To ina suke? Ko don ba ya salla ne?"

Ta kwance bakin zane ta miƙo mini hoto. Mushe Gardabu ne.

Mushe shi ne yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko. Gardabu kuwa kalmar soja ce ta Faransanci, ma'anarta a ƙame. Soja ya fara yi kafin ya kama alli, kuma kowace safiya da kalmar nan yake tsai da mu gaban tuta, har ta zama sunansa. Ya koyar a Garou, ya koyar a Guéné, ya ƙare a cikin gari. Da ya yi ritaya shi ke sharar coci, shi ke kaɗa ƙararrawa. Ya taɓa kama ni ina rubuta wa wata yarinya wasiƙa a aji. Ya gyara kurakurai da jan biro, ya mayar mini, ya ce ba a aika soyayya da rubutu a karkace. Sau biyu na sanar da mutuwarsa ban san shi ne ba.

Na shiga wurin Shef Hamidu na ce ina so in sake karantawa da laƙabi.

"Sani, doka doka ce. Gobe wani ya zo ya ce a kira ubansa da sunan da zai jawo faɗa."

Na ajiye hoton a kan tebur. Ya cire tabarau.

"Kai! Gardabu ne? Ni na sa hannu a kanta fa!" Ya miƙo mini hoton, ya ce, "Ka ƙara da cewa ba a bizne shi ba tukuna. Mutanenmu in sun ji rasuwar Laraba, cewa za su yi an gama tun ranar."

Bayan sallar Juma'a muka karanta da harsuna uku.

Asabar na je. Masu albasa sun bar buhunansu, Fulani sun zo daga ƙauyen Toumboutou a kan babura, akwai jandarma biyu da wani alhaji mai tireloli. Yawancinsu ba su shiga coci ba, suna waje a ƙarƙashin itatuwa suna gardamar wanda ya fi shan bulala. Surutu ya yi yawa har aka fito da akwatin gawa ba su lura ba. Sai wata mai tuyar kifi ta ɗaga murya: "Gardabu!"

Kowa ya ƙame. Alhajin ya haɗa ƙafafu, carbi a hannunsa. Matar marigayin ta tsaya a bakin ƙofa tana duban taron, ta ce da ni, "Ashe gaskiya yake faɗi."

Abin da na koya shi ne mai sanarwa ba takarda yake karanta wa ba, mutane ne. Tun ranar, kafin in kunna makirufo, sai na tambayi mai kawo sanarwa: a kasuwa wa ake ce masa?