Ƙusa Goma da Jirgin Soso

Ƙusa Goma ake kiransa, domin inda kowane kafinta zai buga ƙusa biyu, shi sai ya buga goma, ya ja da baya ya duba, ya ƙara ɗaya don tsaro. Shekara talatin da huɗu yana sana'ar nan a shago mai ƙofa ɗaya, kuma duk dangi babu wanda bai ji jiki da kayansa ba. Kujerar da ya yi wa gwaggonsa, sai ƙarti uku ke matsar da ita in za a yi shara. Gadon aurensa kuwa, da suka tashi sauya gida, bango aka fasa masa. Kayansa ba sa lalacewa, shi ya sa wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Yanzu ga ciwon baya, ga ido sai da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya.

Abu guda ke sa shi ajiye guduma: ƙarar jirgin sama. Sai ya fito bakin ƙofa ya ɗaga kai har wuya ya ƙage, alhali ko ƙofar filin jirgi bai taɓa takawa ba.

Autarsa, mai aikin jinya a wani gari, ita ta aiko masa da kwali: ƙaramin jirgin jet a wargaje, da rimot da batir da littafin haɗawa. Ta ce Asabar ɗin ƙarshen wata za ta zo, hutun kwana ɗaya aka ba ta, kuma a sama take son ganinsa. Shi kuwa bai taɓa saɓa ranar aiki ba.

Da ya ɗaga fiffiken sai ransa ya ɓaci. Farin soso ne, irin wanda ake tokare talabijin da shi a kwali. Ya ce masu wannan aiki ba su da imani, atishawa ɗaya za ta karya shi. Ya ajiye littafin, ya ɗauko siraran katako ya jera a cikin fiffike, ya zuba gam, ya shafa fenti hawa uku. Mako uku teburin cin abinci yana hannunsa. Matarsa ta gaji da magana, ta koma ajiye masa kwano a kan kujera.

Ranar Laraba ya kai jirgin filin ƙwallon bayan makaranta. Fankar cikinsa ta yi kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa ɗari. Jirgi ya zura a guje, ya ratsa filin, ya shige ciyawa, bai ɗaga daga ƙasa ko tsawon ɗan yatsa ba. Sau shida haka.

A hanyar gida ya ɗora shi kan sikelin wani mai shago, ya buɗe littafin ya duba lambar nauyi. Nasa ya ninka ta har da ɗoriya.

"Maigida, kabad ka haɗa mai fiffike," in ji matarsa.

Kwana biyu ya yi da reza a hannu yana ɓamɓare abin da ya liƙa, sili ɗaya bayan ɗaya, yana goge fenti da samfefa, yana nishi kamar haƙoransa ake cirewa. Da ya gama, jirgin ya koma sakayau, duk tabon reza. Shi kansa kunyarsa yake ji.

Asabar da hantsi Auta ta tsaya gefensa a filin, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ya tura sandar rimot. Jirgi ya yi gudu kaɗan, ya ɗaga hanci, ya bar ƙasa. Ya wuce saman bishiya, ya karkata, rana ta haska cikinsa. Ƙusa Goma ya manta da baya, ya manta da wuya. Ya kuma manta bai karanta shafin sauka ba.

Ƙarfen gola ne ya tare shi. Soso ya watse kamar an fige kaza.

Suka duƙa suna tsinta, Auta na dariya da hawaye.

"Baba, kai da kanka ka bar shi babu ƙarfi?"

"Na ba shi ƙarfi, Auta. Ƙin tashi ya yi."

Ya zauna a ciyawa ya miƙe ƙafa, fiffike ɗaya a cinyarsa. Ta tambaya ko ta sayo gam a hanya. Ya jinjina fiffiken a tafin hannu, sannan ya ce ƙaramin gam ya isa.