Maiƙon Verna da Shisshigin Duane

Verna Aldasoro ta fi shekara arba'in tana kiwon tumaki a gindin duwatsun Bighorn, a jihar Wyoming, kuma ba ta cika sayen harsashi a kanti ba. Mahaifinta ne ya koya mata ɗura nata tun tana budurwa. In ta harbi dila, sai ta tsinci kwanson tagullar harsashin ta jefa a aljihu. In sun taru, ta shiga ɗakin ajiya da ke gefen garke, ta sa wani inji mai hannu ta matse kowanne a cikin bututun ƙarfe ya koma girmansa na da, ta zuba albarushi, ta ɗora sabon kai.

Kafin kwanso ya shiga bututun nan dole a shafa masa maiƙo, in ba haka ba ya maƙale. Ita maiƙon ulun tumaki take shafawa. Ta dangwala da yatsa, ta murza, shi ke nan.

Dila da sanyi duk ta saba da su. Wanda ta kasa sabawa da shi shi ne Duane, ƙanin marigayi mijinta. Tun da ya bar aikin haƙar kwal ya rasa abin yi, kullum yana gidanta, ya ci naman rago da wake, ya goge baki, ya fara koya mata sana'arta.

Wata shekara, tumaki na tsakiyar haihuwa, diloli suka sa mata garke a gaba. Ta duba, harsashi biyu suka rage mata. Ta zauna za ta fara aiki ke nan, sai ga motar Duane. Ya shigo yana kaɗa wani gwangwanin feshi.

"Matar Yaya, har yanzu kina nan kina dangwale-dangwale kamar mai shafa wa jariri mai? Ga na zamani. Fus ɗaya, kwanso hamsin sun shafu."

"Duane, ajiye min abin nan ka je ka sha kofi."

"Ke dai ba kya son ci gaba."

Ana cikin haka wata tunkiya ta fara kukan naƙuda. Verna ta miƙe, ta nuna shi da yatsa. "Kada ka taɓa min komai."

Ɗan ya zo a juye, sai da ta sa hannu ta gyara masa kwanciya. Ta dawo da jini har gwiwar hannu, ta tarar da Duane ya rataye a hannun injin da dukan nauyinsa, fuska ta yi ja. Ya fesa abinsa bai jira ya bushe ba, ya cusa kwanso, ya ja da ƙarfi, gindin kwanson ya yage, sauran ya zauna daram a cikin bututu.

"Wannan tagullar taki ce ta tsufa," in ji shi.

Verna ta san in ta buɗe baki sai an yi shekara ba a gaisa ba. Ta kwance bututun, ta wanke hannu, ta hau mota. Mil sittin ne zuwa shagon Hollis mai gyaran bindiga.

A can ma ba ta tsira ba. Tsofaffi uku na zaune a bakin murhu, suna jin abin da ya faru suka hau musu. Wannan ya ce kakin zuma ya fi komai. Wancan ya ce ƙarya ne, shi man inji yake sawa tun kafin a haifi mai maganar. Na ukun ya rantse da man shafawar matarsa.

"Verna, me kika shafa ne?" in ji Hollis.

"Duane ne ya shafa," ta ce. "Za ka ciro min ko in zauna mu yi taro?"

Hollis ya huda kwanson, ya murɗa masa ƙusa mai murɗi, ya zaro shi. Ya buɗe baki zai ba ta shawara, ya ga idonta, ya rufe.

Da ta isa gida, ta tarar Duane ya ɗauki bindigarta wai zai yi gadi. Harsashin nan biyu ya ƙarar da su a kan wani kututture da ya yi masa kama da dila. Su kuwa dilolin sun zagaya ta ƙasan rafi sun kwashe 'yan tumaki uku.

Washegari ta ɗura harsashi ashirin, kafin mako ya zagayo ta kashe dila biyu, sauran suka ja baya. Duane ya ɗauke ƙafa kwana tara. A na goma ya dawo da damin waya, ya bi shingen ƙasan rafi yana gyarawa har yamma. Verna ta je ta duba. Aikin ya yi kyau, kuma hakan ma haushi ya ba ta.

Ta zuba masa abinci. Ya yi loma uku, ya ɗago kai.

"Matar Yaya, kin san da za ki riƙa jiƙa waken nan tun jiya..."

Ta janye kwanon daga gabansa, ta tsaya riƙe da shi har sai da ya ce waken ya yi daidai.